Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Neman Bursu ga Ɗalibin Kimiyyar Harshe

Gabatarwa

Duk shekara, daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar hunturu, sanarwar guraben karatu kan cika wayoyin ɗalibai a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. Wani ya tura wa wani, ajin gaba ɗaya ya ɗauka, sai a duba ƙasan sanarwar a tarar saura kwana goma a rufe. Nan ɗalibi zai tashi da gudu: fasfo babu, takardar makin shekara ta biyu ba ta fito ba, malamin da zai rubuta masa wasiƙar shaida ya yi tafiya. A ƙarshe ko ya haƙura, ko ya tura dosiye rabi da rabi, wanda ba zai wuce tantancewar farko ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka rasa gurbi ta wannan hanya sun cancanta, lokaci ne kawai ya ƙure musu. Wannan maƙala za ta yi bayanin ire-iren tallafin da ɗalibin kimiyyar harshe zai iya nema, da abin da masu tantancewa suke dubawa, da yadda ake rarraba shirin a kan shekarun jami'a.

Ire-iren tallafin

Kalmar bursu a bakinmu ta haɗe abubuwa da dama, kuma kowanne da ƙofarsa. Akwai tallafin gwamnati da hukumar ANAB ke kula da shi, wanda yawancinmu muka fara sani tun bayan bakaloriya. Ta wannan hukuma ne kuma guraben haɗin gwiwa da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ke biyowa. Sai kuma guraben gasa na ƙasa da ƙasa, inda ɗalibi ke neman gurbi da kansa, ya kara da ɗalibai daga ƙasashe masu yawa. A kan waɗannan ne maganarmu za ta fi tsayawa.

A matakin mastar, shirin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai yana ba ɗalibi damar karatu a ƙasashe biyu ko fiye, ana biya masa kuɗin makaranta, ana kuma ba shi Yuro 1,400 a wata, wato kimanin sefa 918,000. Cikin kwasa-kwasansa akwai waɗanda suka shafe mu kai tsaye, kamar na fasahar harshe da kwamfuta, da na nazarin larurorin magana. Jami'ar Tarayyar Afirka tana da reshen ilimin ɗan Adam da zamantakewa a Kamaru, kuma a Buea ake koyar da fassara da tafinta. Shirin Türkiye Bursları na Turkiyya kan karɓi takardu a Janairu da Fabrairu, yana kuma da iyakar shekaru: ƙasa da 30 ga mastar, ƙasa da 35 ga doktora, tare da shekara guda ta koyon Turkanci kafin a shiga karatu. Chevening na Birtaniya mastar ce ta shekara ɗaya, amma sai wanda ya yi aikin shekara biyu, wato awa 2,800, kuma wajibi ne ya koma ƙasarsa na shekara biyu bayan kammalawa.

A matakin doktora, hukumar DAAD ta Jamus tana da tallafin bincike, kuma tana da wani shiri na yin karatu a cikin Afirka ba tare da an tsallaka teku ba. Jamus tana da daɗaɗɗen tarihi a nazarin Hausa da sauran harsunan iyalin Cadi, a jami'o'i irin su Hamburg da Frankfurt da Leipzig, sannan Bayreuth tana da makarantar doktora ta nazarin Afirka mai suna BIGSAS. Akwai kuma tallafin da ake bayarwa don aikin bincike kansa. Shirin ELDP, wanda ya fara a Landan a 2002 ya koma Berlin a 2021, yana ba da kuɗi don tattara bayanan harsunan da ke fuskantar ɓacewa, kuma ƙaramin tallafinsa yana kaiwa Yuro 10,000. Ɗalibin da ke da hanyar shiga cikin masu magana da Tasawaƙ a Ingal, ko Tagdal, ko Buduma a bakin Tafkin Cadi, yana riƙe da abin da manyan masana na waje suke nema ba su samu ba.

Sharuɗɗan waɗannan shirye-shirye suna sauyawa, haka ma hulɗar ƙasashe. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a Janairun 2024, abin da ya canza lissafin ɗalibai da dama. Saboda haka kafin a zuba wahala a kan kowane gurbi, a shiga shafin hukumar da kanta a tabbatar da abu biyu: shin Nijar tana cikin jerin ƙasashen wannan shekarar, kuma a ina ake karɓar biza. Kada kuma a manta da maƙwabta. Jami'ar Bayero a Kano, da Ahmadu Bello a Zariya, da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, cibiyoyi ne na nazarin Hausa da ba su da nisa da gida, kuma mastar a can tana gyara wa ɗalibi Ingilishinsa.

Abin da masu tantancewa suke nema

Mai tantancewa malami ne kamar malamanmu, an ajiye masa tulin dosiye, lokacinsa kuma kaɗan ne. Tambayoyi huɗu yake riƙe da su. Shin wannan ɗalibi zai iya karatun? Ya san abin da yake son bincikawa? Wurin da ya zaɓa ya dace da abin da yake so? Me zai yi da ilimin in ya gama? Takardar maki ce ke amsa ta farko, tsarin bincike ya amsa ta biyu, wasiƙar bayyana manufa ta amsa ta uku da ta huɗu, wasiƙun malamai kuma su gaskata duka. In ɗalibi ya fahimci haka, zai daina maimaita magana ɗaya a kowace takarda, ya bar kowacce ta yi aikinta.

Shekarun lisans

A tsarin LMD, lisans zango shida ne, kuma takardar maki tana nuna su duka. Ɗalibin da ya yi wasa a shekarar farko, yana cewa sai shekara ta uku zai dage, zai ga makin nan na 10 yana binsa cikin kowace dosiye. Guraben gasa sun fi karkata ga wanda matsakaicin makinsa ya kai 12 cikin 20 zuwa sama, wanda ya kai 14 kuwa ƙofofi sun fi buɗe masa. Wanda ya riga ya yi rauni a farko kada ya yanke ƙauna: makin da ke hawa daga zango zuwa zango shi ma shaida ne, musamman in ya yi ƙarfi a darussan da suka shafi fannin da yake nema, kamar ilimin furuci da tsarin sauti da ginin jimla.

Abu na biyu shi ne Ingilishi. Yawancin guraben da muka ambata da shi ake nema, kuma mafi yawan abin da aka rubuta a kan nahawun Hausa a ƴan shekarun nan da shi aka rubuta, ciki har da babban littafin Paul Newman na 2000. Jarrabawar IELTS ana auna ta daga 0 zuwa 9, jami'o'i da yawa kuma 6.5 suke nema. Ita da TOEFL sakamakonsu shekara biyu yake aiki, kuɗinsu kuma ba kaɗan ba ne. Ma'ana, koyon a fara shi tun shekarar farko, jarrabawar kuwa a jinkirta ta har sai an kusa nema. Hanya mai sauƙi ita ce ɗalibi ya riƙa karanta maƙala ɗaya ta fanninsa da Ingilishi a kowane mako. Mujallar Studies in African Linguistics da littattafan Language Science Press kyauta ake sauke su, kuma wanda ya lizimci wannan zai koyi harshen da fannin a lokaci guda.

Abu na uku shi ne aikin da za a iya nunawa. A nan ɗalibin harshe ya fi abokansa na wasu sassa sa'a, don ɗakin gwajinsa yana tsakar gidansu. Da waya mai ɗaukar murya, da izinin mai magana, zai iya naɗar tatsuniya daga bakin kakarsa, ko hirar maƙera, ko cinikin dabbobi a kasuwar ƙauye, ya rubuce ta da ELAN, ya auna karin sautinta da Praat, ya fara ƙaramin ƙamus da FLEx. Duka ukun kyauta ne. Awa biyu na magana da aka rubuce da kyau, aka fassara, sun fi shafi guda na kalaman son ilimi nauyi a idon mai tantancewa. Haka nan koyarwa a ajin yaƙi da jahilci, da fassara wa gidan rediyon karkara, da ba da murya ga Common Voice, da rubutu a Wikipedia ta Hausa, da maƙala a wannan mujalla tamu. A riƙa rubuta kowane aiki da ranarsa, a kuma nemi takardar shaida tun aikin yana da ɗumi.

Tsarin bincike

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ɗaukar fage a matsayin tambaya. Wanda ya rubuta cewa zai yi nazarin karin harshen Hausa a Nijar bai ce komai ba tukuna, don wannan aikin rayuwar mutum goma ne. Mu ɗauki misali. A Hausar yamma, irin ta Gobir da Adar, ana cewa munka da sunka inda Hausar Kano ke cewa muka da suka. Ɗalibi zai iya tambaya: shin matasan Tibiri da suka taso da kallon finafinan Kano suna barin sunka suna komawa suka? In haka ne, a wane yanayi, a gaban wa, kuma maza da mata ɗaya suke? Wannan tambaya ce da za a iya amsawa cikin shekara biyu. Tana nuna wa za a yi hira da shi, me za a ƙirga, da abin da zai ƙaryata hasashen mai bincike.

Bayan tambaya sai a nuna an san abin da aka riga aka yi. Wanda zai taɓa Hausar Adar bai ambaci aikin Bernard Caron na 1991 ba, ya gaya wa mai tantancewa cewa bai yi karatu ba. Sai hanyar aiki: mutum nawa, a ina, da wane kayan aiki, yadda za a nemi izininsu, da inda za a adana muryoyin. Sai jadawalin watanni, da kasafin kuɗi in an nema. A kasafi a rubuta farashi na gaskiya, kuɗin mota da masauki da ladan masu ba da bayani, don masu dubawa sun san filin. Ɗakunan karatu na IRSH da CELHTO a Yamai, da kundayen mastar da ke ajiye a sassanmu, wuraren farawa ne da bai kamata a tsallake ba.

Ga doktora a Jamus da wasu ƙasashe, ana bukatar amincewar farfesan da zai duba aikin tun kafin a nema. Wasiƙar da za a aika masa ta zama gajera: ko kai wane ne, me ka karanta cikin rubutunsa, mece ce tambayarka, me ya sa shi ka zaɓa. A haɗa da tsarin bincike na shafi biyu. Wasiƙa ɗaya da aka watsa wa mutum talatin ana gane ta daga layin farko. A fara wannan tuntuɓa wata shida kafin ranar rufewa, in mako uku ya wuce babu amsa a tuna masa sau ɗaya cikin ladabi.

Wasiƙar bayyana manufa

A nan tarbiyyarmu takan yi karo da abin da ake nema. An koya mana cewa yabon kai jahilci ne, ga shi kuma an ce mu cika shafi da bayanin kanmu. Wasu sai kunya ta hana su faɗin abin da suka yi. Wasu kuma su kwaso kalaman da ba nasu ba, su ce su haziƙai ne masu kishin ci gaban Afirka. Mafita ita ce a bar siffantawa a kawo aiki. Maimakon ɗaliba ta ce tana da himma, ta ce ta naɗi tatsuniyoyi goma sha biyar a garinsu lokacin hutu, ta rubuce su, a nan ne kuma ta lura da wani salon jam'i da ba ta gani a littafi ba. Wannan ba yabon kai ba ne, rahoto ne, hukunci kuma na mai karatu ne.

Wasiƙar ta bi zare ɗaya: abin da ya jawo ka ga tambayar, abin da ka yi a kai, abin da ka rasa wanda wannan wuri ke da shi, da inda za ka sa ilimin. A ambaci darasi ko malami ko ma'ajiyar bayanai ta jami'ar da sunanta. Batun talauci ana iya faɗinsa in shirin ya tambaya, amma ba a gina wasiƙa a kan roƙo. A guji kwafo daga intanet ko miƙa wa kwamfuta ta rubuta gaba ɗaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne: ranar ganawa za a tambaye ka a kan kowace jimla da ka sa wa hannu.

Wasiƙun malamai

Malami ba zai shaidi ɗalibin da bai sani ba. Wanda ya yi shekara uku a kujerar baya bai taɓa tambaya ba, wasiƙar da zai samu layi biyar ce da za ta dace da kowa. Sanin malami kuwa ba fadanci ba ne: tambaya bayan darasi, neman abin karantawa, taimakawa a aikin fili. Lecca na wanda ya duba kundinka ya fi amfani a kan babban farfesan da bai san fuskarka ba. A nemi wasiƙar da saura mako shida, a je da kai in da hali, a ce, Malam, ina neman gurbi kaza, ko za ku iya shaida ta? A ba shi sanarwar, da tarihin karatu, da tsarin binciken, da ranar rufewa a rubuce. Shirye-shirye da yawa malamin ne da kansa ke tura wasiƙar ta adireshin da za a aika masa, don haka a tabbatar adireshin imel ɗin da aka bayar yana aiki. In sakamako ya fito, ko wane iri ne, a koma a gaya masa.

Takardu

Wannan sashe ba shi da daɗin karantawa, amma a nan dosiye da yawa ke mutuwa. A fitar da fasfo tun kafin a bukace shi. A jera takardar haihuwa da ta bakaloriya da takardun maki da fasfo a duba suna: in wata ta ce Mahamadou wata ta ce Mahamane, ko sunan uba ya riga na ɗa a wata, a gyara ko a nemi takardar da ke tabbatar da cewa mutum ɗaya ne. Fom na waje yana tambayar sunan iyali, mu kuwa sunan uba muke ɗauka, saboda haka a bi yadda fasfo ya rubuta a ko'ina. A yi kwafi masu hatimin hukuma, a fassara wajen tafinta mai rantsuwa in ana bukata, a ɗauki hoton kowace takarda tsaf a ajiye a wuri biyu. In difloma ba ta fito ba, a tambayi shirin ko yana karɓar takardar shaidar kammalawa. A tura dosiye da saura kwana uku aƙalla, don wuta da intanet ba su san ranar rufewa ba, kuma agogon da ake bi na ƙasar masu shirin ne.

A yi hattara da ƴan damfara. Duk wanda ya ce a tura masa kuɗi ta waya don ya sama maka gurbi, ɓarawo ne. Wasu jami'o'i suna karɓar kuɗin rajistar nema, amma a shafinsu ake biya, ba a hannun wani ba.

Ganawa da batun gida

Wanda ya tsallake tantancewar takardu akan kira shi ganawa, galibi ta bidiyo. A nemi wuri mai shiru da haske, a cika batir, a tanadi layi na biyu. A gwada da abokai har sai an iya bayyana binciken cikin minti biyu ga wanda ba ɗan fanni ba. In an yi tambayar da ba ka san amsarta ba, ka faɗi haka, ka kuma faɗi yadda za ka nemo ta.

Akwai ganawa ta biyu da ba a rubuta ta a sanarwa ba, wato ta gida. Ƴan'uwanmu mata sun fi sanin nauyinta. Ɗalibar da ta ɓoye neman da take yi har takardar karɓa ta zo, ta sa iyaye ko maigida a tsaka mai wuya, amsar gaggawa kuwa sau da yawa a'a ce. A fara maganar da wuri, a kawo bayanin masauki da tsawon karatu, a nemi wata malama ko wani dattijo da gidan ke girmamawa ya sa baki. Wasu shirye-shirye, ciki har da na DAAD, suna da ƙarin kuɗi ga mai iyali, wasu kuma karatun a maƙwabta ake yinsa.

Kammalawa

Waɗanda ake ɗauka kaɗan ne a kan masu nema, don haka rashin samu a karon farko ba hukunci ba ne a kan basirar mutum. A nemi gurbi uku ko huɗu da suka dace, a riƙe wata hanya a gida, a gyara dosiye a sake turawa baɗi. Wahalar ba ta faɗuwa ƙasa banza, don tsarin binciken da aka rubuta domin Bayreuth shi ne zai zama kundin mastar a Yamai.

Ƙasarmu tana bukatar waɗannan ƙwararru. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da harsunan gida a Damagaram, dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, kundin 2025 kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan mataki yana bukatar masu ƙamus, da masu ƙirƙirar kalmomin shari'a da likitanci, da masu rubuta littattafan firamare, da masu fassara tsakanin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. Daga cikinmu za su fito. Ɗan shekarar farko ya buɗe maƙalarsa ta Ingilishi a wannan mako, ɗan shekara ta biyu ya naɗi hirarsa ta farko a hutun da ke tafe, ɗan shekara ta uku kuma ya jera takardunsa yau ya duba ko sunansa ɗaya ne a cikinsu. Allah ya ba mai rabo sa'a.